Rage ƙiba ba tare da barin tuwo ba

Hajiya, kin tambaya ko dole ne ki daina cin tuwo kafin ki rage ƙiba. Ba dole ba ne. Ki rage malmalar, ki yawaita ganye kamar zogale da rama, sannan ki riƙa sauya tuwon shinkafa da wake ko acca, wadda ake nomawa a kudancin Kaduna, domin wake yana daɗewa a ciki kafin yunwa ta dawo.

A ganina, matsalar ta fi yawa a abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin shan babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, alhali gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana ɗauke da kusan giram 35, ban da wanda ake zubawa a koko da shayi da safe.