An nemi mahaifiyata ta gana da wanda ya yi mata fashi: dole ne ta yafe masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Wata takwas da suka wuce wani matashi ya haura gidan mahaifiyata da dare, ya zare mata wuƙa, ya kwashe waya da kuɗi da zoben da marigayi mahaifinmu ya ba ta. An kama shi, ya amsa laifinsa, kotu ta ɗaure shi. Makon jiya wata jami'a daga sashen da ke haɗa masu laifi da waɗanda suka cuta ta kira mu, ta ce yaron yana son ganawa da Mama idan ta amince. Tun ranar Mama ba ta runtsa ba. 'Yan'uwa sun taso ta a gaba, wai gafara yake nema, kuma babba ba ya riƙo. Ita kuwa har yanzu ko ƙarar ƙofa ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa, amma ta ce akwai tambayar da take son yi masa. Idan ta je, dole ne ta ce ta yafe? Kuma zuwanta zai sa a sake shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya sanyaya mata zuciya. Ba dole ba ne ta je, kuma idan ta je ba dole ba ne ta furta kalmar yafiya. Tana iya amincewa yau ta fasa gobe, tana iya fasawa a bakin ƙofar ɗakin zaman, babu kuma wanda yake da hurumin tambayarta dalili.

Batun sakinsa ya danganta da dokar ƙasa da matakin da shari'a take. Inda aka yi ganawar kafin yanke hukunci, alƙali yana iya duba rahotonta. Inda kuwa an riga an yanke, kamar naku, galibi ba ta taɓa wa'adin da kotu ta ɗiba. Duk da haka kada ku tsaya a kan "galibi". Ku nemi jami'ar ta rubuta muku wa zai ga rahoton zaman, me za a sa a cikinsa, kuma ko zai kai ga masu duba sakin fursuna kafin cikar wa'adi.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar 'yan'uwanku, domin ita ce nake karo da ita kusan kullum a wannan aiki, kuma ita ce ta fi kowace yi wa mutane illa. Mutane da yawa, har da wasu masu ɗauke da katin shaidar aiki, sun ɗauka cewa wannan tsari na adalcin gyaran ɓarna, inda ake haɗa mai laifi da wanda aka yi wa laifin su yi magana a kan ɓarnar, sulhu ne irin wanda aka saba, wato a tara mutum biyu, a ba kowa haƙuri, a yi musabaha, a tashi. Sulhu yana da wurinsa, wato inda mutum biyu suka saɓa a kan iyakar fili ko bashi, kowa yana da nasa rabon laifin, kowa kuma zai sassauta kaɗan. To, Mama me za ta sassauta? Tana kwance a ɗakinta aka shigo mata da wuƙa. Duk zaman da aka buɗe da cewa "kowa ya yi haƙuri" ya riga ya ɗora mata rabin laifin da ba ta aikata ba tun kafin ta buɗe baki.

Ƙa'idojin aikin ma ba su bar wannan a duhu ba. Waɗanda majalisar tattalin arziki da zamantakewa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2002 sun shardanta yardar ɓangarorin biyu ba tare da tilas ba, da damar janye yardar a kowane lokaci, da lura da bambancin ƙarfi tsakanin mutanen da za a haɗa. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 kan haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi, a sashe na 12, ta ƙara da cewa ba a shiga wannan hanya sai idan maslahar wanda aka cuta ce, sai an duba tsaron lafiyarsa, kuma sai mai laifin ya amsa ainihin abin da ya faru. Babu ɗaya daga cikinsu da ta sa yafiya a cikin sharuɗɗa. Wani yakan yafe a ƙarshen zama, wani bayan shekaru, wani ba ya yafewa har abada, kuma dukansu ukun suna iya fita daga ɗakin da sauƙin zuciya.

Na ga abin da yafiyar dole take haifarwa. Mace ta ce "na yafe" domin idanun dangi suna kanta, a tafa mata, ta koma gida, dare ya yi, tsoron yana nan inda ta bar shi. Bambancin kawai shi ne yanzu ba ta da bakin magana, domin da ta ce ta kasa barci za a ce mata "ai magana ta wuce, ba kin yafe ba?" Daga nan sai ta fara tuhumar kanta da mugun hali. Shi kuma mai laifin an cuce shi ta wata fuskar, domin an ba shi abin da ya zo nema kafin ya ji nauyin abin da ya yi, alhali jin wannan nauyi daga bakin mai shi ne kaɗai abin da zaman yake da shi wanda kotu ba ta da shi. Ba na musun falalar yafiya, amma ta Mama ce, ita ce ta san lokacinta, kuma ina mamakin yadda waɗanda ba a ɗora wa wuƙa a wuya ba suke saurin kyauta da haƙƙin wani.

Haushina ya fi yawa a kan masu shiga tsakani na rana ɗaya, waɗanda ba su taɓa samun horo ba, sai kwarjini da iya magana. Su kira zama ba tare da sun taɓa keɓewa da wanda aka cuta ba, mai laifi ya zo da danginsa goma, a yi kuka, a ɗauki hoto. Akwai kuma ofisoshin da ba su san komai ba sai yawan fayil ɗin da aka rufe kafin ƙarshen shekara, su riƙa damun mutum da waya kamar masu bin bashi. Saboda irin wannan matsin ne yarjejeniyar Istanbul ta 2011, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don kare mata daga cin zarafi, a sashe na 48, ta hana tilasta sasanci a laifuffukan cin zarafin mata da na cikin gida. Har asalin tsarin na zamani yana da wannan tabo: a 1974, a garin Elmira na ƙasar Kanada, jami'i Mark Yantzi ya ba da shawara, alƙali ya amince, aka bi da wasu matasa biyu ƙofa-ƙofa wurin mutanen da suka yi wa ɓarna a wurare 22. Abin ya yi kyau, ya zama tarihi, amma yau jami'in da ya kai mai laifi ƙofar mutum ba shiri ya cancanci kora.

Ba ina hana Mama zuwa ba ne. Binciken da Farfesa Joanna Shapland ta jagoranta wa gwamnatin Birtaniya ya nuna kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka cuta da suka yi ganawar gaba da gaba sun gamsu da ita, sai dai waɗannan zama ne da aka shirya, aka kuma shiga da son rai. Shirin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Jami'a za ta zauna da Mama ita kaɗai fiye da sau ɗaya, ta zauna da yaron daban ta auna ko da gaske ya ɗauki laifinsa ko kuwa yana neman mafita ne. Za a tsara wanda zai fara shiga ɗaki, da inda kujerarta za ta kasance, kusa da ƙofa idan haka take so, da wanda zai zauna a gefenta, da alamar da za ta yi da hannu a dakata. Wanda zai raka ta ya zama mai iya yin shiru. Duk wanda ya riga ya ce mata babba ba ya riƙo, a bar shi a gida. Idan kuma ba ta son ganin fuskarsa, ana iya kai tambayarta a rubuce, ko jami'ar ta kai saƙo ta dawo da amsa.

Rawar jikin da kika ambata da rashin barci suna buƙatar likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa kafin a sa ranar komai, domin wanda yake cikin wannan hali ganin mai laifin yana iya tayar masa da mikin.

Tambayar da take son yi ita ce abin da za ku bi. Na taɓa raka wani dattijo da aka fasa wa gida, ya shafe shekara yana zargin maƙwabtansa da nuna gidan, ya daina gaisawa da kowa a layin. Tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya turo ka?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce babu kowa, taga ya gani a buɗe. Dattijon bai ce ya yafe ba, ya ɗauki hularsa ya fita, bayan mako biyu ya kira ni ya ce ya fara barci. Ki zauna da Mama ku biyu, ba da sauran dangi ba, ki rubuta tambayarta da kalmominta yadda ta faɗe su, ko a kan zoben ne ko a kan ko zai dawo. Sai ku miƙa wa jami'ar, ku ce ta fara gano ko yaron a shirye yake ya amsa ta da gaskiya, kafin a yi maganar ranar zama.