A Rufe Gas da Famfon Ruwa Kafin a Tayar da Mota?

Malam, ka tambaya ko sai ka rufe tukunyar gas da famfon tura ruwa mai aiki da batir na motarka mai ɗaki da kicin idan za ka kama hanya daga Zariya zuwa Kano. E, ka rufe su duka biyun, gas ɗin kuma daga kan tukunyar, ba daga murhu kaɗai ba.

Girgizar hanya tana sassauta mahaɗar tiyo. Gas ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba, ƙasan motar yake kwanciya, ƙyastawar wuta ɗaya ta isa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne firji mai aiki da gas: wuta ce ke ci a bayansa, ka shiga gidan mai da ita a Kwangila kana shan fetur. Don Allah kada ka yi haka. Ka sanyaya firjin tun dare, ka sa ƙanƙara, zai kai ka.

Ruwa kuwa, idan bututu ya fashe, famfon zai ci gaba da turawa har tankin ya ƙare a kan katakon motar, batir ma ya mutu.

Tukunyar ta zauna a tsaye, a ɗaure. Da ka isa, shafa ruwan sabulu a mahaɗar. In ya yi kumfa, kada ka kunna.