Filin Tambaya: Wai ko a ƙauyukan Indiya an daina auren haɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni budurwa ce daga Argungu, shekaruna 21. Babanmu yac ce ya ba ɗan ƙanenshi ni, yaron yana kasuwanci a Jega, ba wai ƙin shi nikai ba amma wlh ko sau ɗaya ba mu taɓa zama mun yi zance ba kuma ba wanda yat tambaye ni. Ƙawata tac ce ko Indiyawa da munka tashi muna kallon fina-finansu sun bar wanga abu tuni, kowa wanda yake so yake aure. Gaskiya ne? Kuma ni mi zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ta taɓa min zuciya sosai, musamman inda kika ce ba wanda ya tambaye ki. Amma bari mu fara da maganar ƙawarki, don gaskiya fim ne ya ruɗe ta. Har gobe mafi yawan aure a Indiya iyaye ne ke haɗa shi, balle a ƙauye, kuma nasu ma ya fi namu tsauri nesa ba kusa ba. Kafin a kai ga zancen yaron yana da hali ko ba shi da shi sai an fara duba ajin da aka haife shi a ciki, wanda suke ce wa jati, kamar yadda a da wasu ke cewa ba za su ba ɗan mahauta ko ɗan wanzamai ɗiya ba, to nasu ya ninka haka, sannan a kai ranar haihuwar yaro da yarinya wurin mai duban taurari ya ce sun dace ko ba su dace ba.

Kin ga wani abin mamaki, irin auren da ake so a yi miki, ɗan ƙanen uba, a wurin mabiya addinin Hindu haramun ne, wa da ƙanwa suke ɗaukar ku. A arewacin ƙasar, irin su jihar Haryana, ko ƙauye ɗaya kuka fito ko zuriya ɗaya da suke kira gotra to ba aure, kuma akwai majalisar dattawan ƙauyuka mai suna khap da ke raba irin wannan aure da ƙarfi, an sha kashe yaro da yarinya a kan haka, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2018 cewa ba mai ikon shiga tsakanin baligai biyu da suka yarda da juna. A kudu kuwa, kamar Tamil Nadu, suna auren ɗan kawu ko ɗan goggo.

To me ya canza? Tambayar yarinya. A da da yawansu sai ranar biki amarya ke fara ganin fuskar ango. Yanzu da 'yan mata suka shiga makaranta, waya ta shiga kowane gida, ana tura hoto ta WhatsApp, yaron ya zo da iyayenshi a sha shayi a ba su wuri su yi magana, su karɓi lambar juna, kuma a gidaje da yawa in ta ce a'a ana neman wani. Doka ma ta sa shekara 18 ga mace, 21 ga namiji, duk da ana karya ta a ƙauyuka. Iyaye suna nan a kan kujerarsu, bakin yarinya ne aka fara saurara.

Abin da ya ƙi canzawa, kuma shi ya fi ci min rai, shi ne dukiyar aure. Can gidan amarya ne ke biyan gidan ango, kuɗi, gwal, babur, firij, wani har mota. Tun 1961 aka yi dokar hana wannan amma ko gezau, kuma alƙaluman gwamnatinsu na nuna mata fiye da 6,000 ke rasa rai duk shekara saboda rikicinta. Duk sanda na ga uba a nan ya sayar da gona don kayan ɗaki da gara, dangin miji kuma suna leƙa ɗaki suna taɓe baki, sai gabana ya faɗi, don hanyar da ta kai su can ke nan.

Yanzu ke. Ba ki buƙatar Indiya ta zama hujjarki ƙanwata, kina da wadda ta fi ta. Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta, sannan Khansa'u bint Khidam da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so ta kai ƙara aka warware auren, yana cikin Bukhari. Ki lura da maganar shirun nan fa, in kika ci gaba da yin gum kina kuka a ɗaki to kowa zai ce kin yarda ne.

Kada ki tunkari Baba kai tsaye, kin san halin iyayenmu maza in sun riga sun yi magana a gaban ɗan'uwa. Ki sami Inna, ko goggon da kika san yana jin maganarta, ki faɗa mata daidai abin da kika faɗa min, cewa ba ki ƙi ba, so kike a bari ya riƙa zuwa zance ko na wata biyu ne kafin a karɓi sadaki ko a sa rana. Ki yi istihara, ki tambaye shi batun karatunki da inda zai ajiye ki, ki duba yadda yake yi wa uwarshi da ƙannenshi magana. In bayan nan zuciyarki ta ƙi, ki furta da bakinki a gaban goggon tun lefe bai shigo gida ba. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da ita, ina jira.