Amsa ga ƴar uwar da aka yi wa tarhil daga Saudiyya

Ƴar uwa wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, kin ce an taɓa yi miki tarhil, wato an koro ki gida, yanzu maigidanki zai cike miki takardun Kanada, ki faɗa ko ki ɓoye? Ki faɗa. Ni ɓoyewa na yi, yau shekara ta uku ina zaune a gidanmu.

Umara na je a 2016 na maƙale a Jidda ina aikatau, ƴan jawazat, jami'an shige da ficen Saudiyya, suka kama mu a hanyar kasuwa, ko kayana ban koma na ɗauka ba, da silifas na sauka a Kano. Wannan duk ya wuce. Abin da har yau yake min ciwo wani ajan ne da ya cike min takardun Kanada, mutumin da har gidanmu yana zuwa ya ci tuwo, yana ce wa babana Baba. Ya ce Hajiya ai sabon fasfo gareki, wa zai sani? Inda fom ya tambaya ko wata ƙasa ta taɓa korarki ko hana ki biza ya danna a'a, tarihin zamana kuma ya rubuta Kano daga sama har ƙasa. Alhali hotunan da muka tura na shaidar aure har da wanda muka ɗauka da maigidan a bakin teku a Jidda, a can muka haɗu fa. Wasiƙa ta zo in yi bayani, na kira shi ya fi sau ashirin, ƙarshe ya yi bulokin ɗina. Allah ya isa ban yafe ba.

Shekara 5 hukumomin Kanada suke hana mutum shiga in sun kama shi da bayanin ƙarya, kuma ba ruwansu da wai ajan ne ya cike, sa hannunki ne a kai. Korar kanta ba ita ke kashe magana ba in babu wani laifi da kotu ta yanke miki.

Za su nemi takardar ƴan sanda ta duk ƙasar da kika yi wata 6 a jere, ta Saudiyya in ta gagara ki rubuta musu dalili. Tsohon fasfonki kar ki yar. In za ku biya wani ku nemi lauya ko mai lasisi a can Kanada.

Kuma ki toshe kunne da dangin miji, nawa har cewa suka yi ya ƙara aure a can tunda ni na zama mai ƙashin tsiya, a gaban uwata aka faɗa. Maigidan ya san da maganar tarhil ɗin kuwa? In bai sani ba ki fara da shi yau.