Shekara biyu a mari: ko doka za ta sa a ba ni haƙuri?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan Zamfara ne, gyaran babura nake yi a Gusau. A 2011, ina da shekara 12, baffana ya ba mahaifina shawara aka kai ni wani gidan mari, wai na fara bin yaran banza. Shekara biyu da wata huɗu na yi a can. Mari a ƙafa dare da rana, dorina da asuba, abinci sau ɗaya. Akwai abin da manyan ɗalibai suka yi mini wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sau biyu wasu jami'ai suka zo duba gidan, suka gan mu a ɗaure, aka ba su lemo suka sha suka tafi. Har yau safa nake sawa ko da bazara ce, don kada a ga sawun ƙarfen. Kwanaki na ji a rediyo shugaban wata ƙasa ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar waɗanda aka zalunta suna yara a gidajen raino. Mu nan fa? Ba kuɗi ne a gabana ba, so nake wani ya buɗe baki ya ce an zalunce ni.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya ba ka lafiya. An zalunce ka, ni dai na faɗa, saura mu ga wanda doka za ta iya sa shi ya faɗa.

Mai yiwuwa labarin Niyuzilan ka ji. Ranar 12 ga Nuwamba 2024 Firaministan ƙasar, Christopher Luxon, ya nemi gafara a zauren majalisa, bayan hukumar binciken da aka kafa a 2018 ta ƙiyasta cewa mutum kusan 200,000 aka ci zarafinsu a hannun gidajen gwamnati da na addini daga 1950 zuwa 2019. Ba su suka fara ba. Ayalan ta yi nata tun 1999, Kanada a 2008. Ostareliya ta nemi gafarar yaran gidajen raino a 2009, ta sake neman ta waɗanda aka yi wa lalata a 2018, ta kuma buɗe asusun diyya wanda mutum ɗaya zai iya samun har dalar ƙasar 150,000. Abin da rediyo ba ta cika faɗa ba shi ne, ba alƙali ne ya tilasta wa shugabannin nan tsayawa a majalisa ba. Tsofaffi ne masu furfura suka haɗa kai, suka yi ta ba da shaida shekara da shekaru, har kunya ta kama gwamnati. Da yawa sun mutu ba su ji ba.

A Najeriya babu asusu irin wannan da za ka je ka cike fom. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, a watan Oktoba aka ga irinsa a Daura da Katsina, aka rufe gidaje, aka kama wasu, ƙura ta lafa. Amma akwai abin da muke da shi wanda ko lauyoyi kan manta. Sashe na 35(6) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, yana da haƙƙin diyya da kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Wato ban haƙurin da kake nema ba alfarma ba ce, haƙƙi ne a rubuce. Kotuna kan ba da umarnin a buga shi a jarida.

Hanyar ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya, duka akwai su a Gusau. Na san tambayar da ke ranka: ba a makara ba? Ƙa'idojin 2009 da ake bi wajen irin wannan ƙara sun ce dokar ƙayyade lokaci ba ta shafe ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da ƙarar diyya ta yau da kullum za ka shigar, da tuni an ce lokaci ya ƙure, balle idan ma'aikacin gwamnati ne, inda wata uku kacal doka ta ba mai ƙara. Sai dai lauyanka ya iya tsara takarda. Idan alƙali ya ga jigon ƙarar neman kuɗin duka ne aka lulluɓe da rigar haƙƙin ɗan Adam, korar ta zai yi tun kafin a shiga magana.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai gidan zai ce ba shi ya sato ka ba, mahaifinka ne ya kawo ka da ƙafarsa, wataƙila har da takarda da sa hannu. Lauyansa kuma zai buɗe sashe na 35 ɗin nan dai, inda aka halatta a taƙaita 'yancin wanda bai kai 18 ba don ilminsa ko kula da shi. Hujja ce, kada a raina ta. Amsar ita ce sashen ya ɗaura sharaɗin a bi hanyar da doka ta yarda da ita, sannan sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma bai ware yaro ba, bai ware izinin uba ba. Uba yana da ikon kai ɗansa karatu. Ba shi da ikon ba wani izinin sa masa ƙarfe a ƙafa wata 28, don shi kansa doka ba ta ba shi wannan ikon ba, abin da mutum bai mallaka ba kuwa ba ya kyautar da shi. Da ni ne, a kan sashe na 34 zan kafa turke, na 35 ya biyo baya saboda ban haƙurin.

Maganar jami'an da suka sha lemo ita ce ƙofar da za a bi a jawo gwamnati ciki, amma ƙofa ce mai tauri. Sai an san daga wace hukuma suka fito, kuma aikinsu ne duba gidan. Idan an tabbatar, za a ce sun ga zalunci sun kawar da kai, a haɗa da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda ta zama doka a ƙasar nan. Ko an yi nasara ma, karɓar kuɗi daga aljihun gwamnati wani yaƙin ne daban, don doka ta ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Na ga takardun hukunci da suka yi ja a cikin jaka masu su na jira. Tun da ka ce ba kuɗi ne a gabanka ba, wannan ba zai karya maka gwiwa sosai ba.

Ɓangaren laifi kuma nasa daban. Dokar hana azabtarwa ta 2017, mai ɗaurin da ya kai shekara 25, ba za ta hau kan abin da aka yi a 2011 ba, don tsarin mulki ya hana a hukunta mutum da dokar da ta zo bayan aikinsa. Amma raunata mutum da tsare shi ba bisa ƙa'ida ba da lalata da yaro duk laifuka ne tun kafin a haife ka, kuma tsufan laifi ba ya wanke shi. Kotun Shari'a ma tana sauraron da'awar rauni, can dai hujja a kan mai da'awa take, shaidu za a ce ka kawo. Abin da ka ce ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, ba dole ne ka faɗe shi gaban taron jama'a ba. Sashe na 36(4) ya ba alƙali damar fitar da 'yan kallo don kare sirrin masu shari'a. Kai ke da zaɓin saka shi ko barinsa, amma lauyanka ya sani, likita ma ya sani, don irin wannan ciwon yana da masu maganinsa.

Kafin a kai ga kotu, ka cire safar nan na yini ɗaya. Ka je asibitin gwamnati likita ya duba tabon ya rubuta rahoto, ya faɗi irin abin da ke barin zobe a idon sawu. A ɗauki hoto da rana, a ajiye rula kusa da tabon. Ka sami littafi ka rubuta duk abin da ka tuna: da wace Sallah aka kai ka, fasalin ɗakin, wa ke riƙe makulli, launin motar jami'an. Sannan ka nemo waɗanda kuka zauna tare. Irin wannan ƙara da takardar rantsuwa ake yin ta, kuma rantsuwar mutum biyar da ba su haɗa baki ba amma labarinsu ya zo ɗaya ta fi ta mutum guda nesa ba kusa ba. In kun yi yawa, kuna iya rubuta wa gwamna da majalisar jiha ku nemi a kafa kwamitin bincike, don ikon hakan na hannun jiha. Ta nan na ƙasashen waje suka faro.

In kuɗin lauya ne matsala, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta, kuma tun gyaran dokarta na 2010 tana iya yanke diyya a zartar kamar hukuncin babbar kotu. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Lauya. In gidan yana nan har yanzu da yara a ciki, wannan ba ya jiran komai, ka kai musu rahoto a makon nan.

Ba ka faɗa mini ko mahaifinka na da rai ba. Ba sai ka sa shi cikin waɗanda kake ƙara ba, ba na ma ba ka shawarar haka. Amma ka sani ɗaya ɓangaren zai ambaci sunansa, mai yiwuwa su nemi rantsuwarsa. Kada ya fara jin zancen a bakin masinjan kotu. Ka sami wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku je tare bayan isha'i, ka nuna masa ƙafar. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu ne ba su taɓa wuce zauren gidan ba. Idan ya yarda ya rantse cewa karatu ya kai ka, bai ce a ɗaure ka ba, to hujjar mai gidan ta rushe rabi.