Wai da gaske akwai kwaɗo mai girman jariri?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah wani hoto ne yarona ya nuna min a WhatsApp, wani mutum ya rungumo kwaɗo kamar jariri ƙafafu na reto. Ni dai na ce haɗin kwamfuta ne, shi kuma har da rantsuwa wai gaske ne. A raba mana gardama. Maman Abba, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sai dai haƙuri fa, wannan karon Abba ya yi gaskiya. Sunan kwaɗon Goliyat, wato Jaluta dai da Annabi Dawuda ya kashe, saboda girmansa aka laƙaba masa. Babu kwaɗon da ya kai shi a duniya, tsawon jikinsa na kai santimita 32 ban da ƙafafu, nauyi kuwa ya kan haura kilo 3, kin ga burduddugin da yaranmu ke kamawa a kududdufi da damina ko ƙanensa bai kai ba. Kamaru da Ikwatoriyal Gini kaɗai ake samunsa, cikin kurmi, bakin koguna masu gudu da ƙarfi. Abin dariya duk girman nan ba ya irin kukan da namu ke hana mu barci da shi, ba shi da jakar nan ta maƙogwaro.

Ni abin da ya fi burge ni gininsa. A 2019 masu bincike a Kamaru suka gano yana ture duwatsu, wani dutsen ya kai kilo 2, ya share ɗan gurbi a gefen kogi inda za a zuba ƙwai kada ruwa ya tafi da su, sannan babba ya kwana yana gadi har asuba.

To amma fa ƙarewa yake yi, yana cikin jerin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu. Girman ne ya jawo masa, guda ɗaya ya ishi tukunya, mafarauta na binsa da dare da tocila da tarko, manyan masu haihuwa kuma su ake nema. Ga sare kurmi don katako da gonaki, ƙasa ta zaizaye ta cike inda suke ƙwai, ga masu fitar da shi waje don kiwon sha'awa. Shi ma mutumin cikin hoton Abba, Hajiya, ina zaton kasuwa ya nufa da shi.