Daga Ina Kalmar "Shugaba" Ta Fito?

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya: shin "shugaba" aron Larabci ce kamar "mulki", kuma me ya sa muke cewa shugaban ƙasa, ba sarkin ƙasa ba?

Malam, kalmar tamu ce ta gida. Masana harshe suna ganin daga "shiga gaba" ta samo asali, baki ya haɗe su wuri guda, wasalin farko ya rikiɗe ya koma "u". 'Yan uwanta biyu suna da irin wannan ƙira. Akwai jagora, daga "ja gora", wato yaron da ke riƙe da sandar makaho yana jan sa. Akwai kuma jagaba, wanda a ayarin fatake masu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro yake wucewa gaba ya duba hanya da zango, madugu kuwa yana tare da ayari. Duk ukun tafiya suke nunawa: wanda ƙaya za ta fara soka, wanda zai fara sa ƙafa a rafi ya ji zurfinsa. Wannan ma'anar ce nake so mu riƙe, domin ita ta raba kalmar da "mulki", wadda a Larabci tushenta mallaka ne.

Sarki kuwa sarauta ce ta gado, da naɗin rawani da masu zaɓen sarki, kuma ba ta da wa'adi. Da 'yancin kai ya zo a 1960, kujerar da aka samu ta zaɓe ce, sai rediyo da jaridu suka ɗauki "shugaban ƙasa". A Nijar Diori Hamani aka fara kira haka. A Nijeriya Nnamdi Azikiwe ya samu sunan a 1963, amma ragamar gwamnati tana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A mulkin farar hula, sai a 1979 Shehu Shagari ya haɗa suna da iko.

Karin maganar da ta fi dacewa da mai wannan kujera ita ce "babba juji ne", kowa ya kwaso shara wurinsa zai zuba, dole ya haƙura.

Wajen amfani, mace ma shugaba ce, sai dai a ce "shugabar mata", namiji "shugaban ƙungiya". Jam'i kuwa shugabanni, wasu su ce shuwagabanni, duka biyun daidai ne.